Ranar Da Na Guje Wa Dutsen Kagoro

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, a shekarun nan da gwamnati ta buɗe karatun firamare kyauta, aka riƙa kwasar irinmu ana mai da mu malamai tun gemu bai fito ba. Ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, sai aka tura ni koyarwar gwaji wani ƙauye a gindin duwatsun Kagoro, ba nisa da Kafanchan. Ranar ce malaminmu na kwaleji, Mista Bulus, zai zo ya zauna a bayan aji ya ba ni maki. In na faɗi, sai na maimaita shekara, ga shi babana ya riga ya gaya wa duk majami'armu cewa ɗansa ya kusa zama malami.

Darasin da aka ba ni shi ne yadda duwatsu da tuddai da filaye suka samu. Kwana uku na kasa zama wuri ɗaya. In buɗe littafi, in rufe, in fita in kalli dutsen, in dawo in sake buɗewa. Bayanin kuwa ba wuya. Tun miliyoyin shekaru, narkakken dutse mai zafi ya taso daga can cikin ƙasa, ya huce ya daskare. Ruwan sama da rafuka suka yi ta zaizaye ƙasa mai taushi suna tafiya da ita, mai taurin ya rage a tsaye. Shi ya sa Jos take bisa, mu muke shimfiɗe a ƙasa muna noman citta, jirgin ƙasa kuma yake nishi in zai hau. Littafin ya ce wutar ta mutu tun kafin a yi ɗan Adam. (Na karanta wannan layin da idona, har na ja masa jan biro.)

Na fara lafiya lau. Na zana dutse a allo, na zana wuta a ƙarƙashinsa. Amma da na saci kallon bayan aji, sai na ga Mista Bulus yana hamma. Na ce a raina, wannan mutumin zai kayar da ni. Sai na ƙara murya, na nuna taga.

"Kun ga dutsen can da kuke hawa ɗebo itace? Da can wuta ne! Ja wur, yana tafasa kamar kunu a tukunya!"

Wata yarinya a layin gaba, Rifkatu, ta ɗaga hannu.

"Malam, wutan zai sake tashi?"

Amsar ita ce a'a. Kalma ɗaya tak. Amma na ga Mista Bulus ya ɗago kai, daɗi ya kwashe ni. Na rage murya, na zaro ido.

"Wa ya sani? Ko yau ma."

Ban rufe baki ba muka ji "duuum!" daga wajen dutsen, ƙarar ta yi ta amsawa cikin kwazazzabai. Na juya. Hayaƙi baƙi yana tashi daga kafaɗar dutsen, ga harshen wuta a ƙarƙashinsa, daidai yadda na zana.

Ni ɗan ƙasar nan ne. Tun ina ƙarami na san da rani mafarauta suna cinna wa ciyawa wuta, na kuma san ƙarar bindigar toka. Kaina ya sani, ƙafafuna ne ba su jira shawararsa ba. Ta taga na fita. (Ƙofa a buɗe take, taku uku daga inda nake.) Ban ce wa ko yaro ɗaya ya biyo ni ba.

Suka biyo ni duk da haka, suna ihu. "Yesu! Dutse ya fashe!" Sauran azuzuwa suka watse, mata suka bar bokitansu a bakin rijiya, wata na gudu da goyo tana kiran sunan Ubangiji. Ni ne a gaba, alli a hannu, takalmi ƙafa ɗaya.

Sai a bakin rafi numfashina ya ƙare. Nan na tarar da wani dattijo, Baba Yakubu, yana wanke gafiya biyu, bindigarsa a jingine.

"Malam, lafiya? Wa ya mutu?"

Na nuna dutsen. Yaran suka yi mini bayanin, da kalmomina.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Yarona, 'ya'yana ne a can suna koran nama. Kakana ya kwana a dutsen nan, kakansa ma. Wuta ɗaya da na sani a wurin, ashana ne."

Komawa makaranta ita ce tafiya mafi tsawo a rayuwata. Hedimasta yana tsaye a fili, iyaye sun kewaye shi. Wata uwa ta tare ni, tana haki.

"Kai Malam, ka ce duniya ya ƙare, ka kuma bar mana yara a baya?"

Na raɓa ta gefenta, na nufi aji.

A cikin aji, Mista Bulus yana nan zaune inda na bar shi, shi kaɗai, yana rubutu. Bai ɗago ba ya ce, "Ban taɓa ganin darasin da ya shiga yara haka ba. Har malamin ya shiga."

Bai kayar da ni ba, amma ya sa sharaɗi. Washegari na sake darasin a gaban dukan makaranta da iyaye, na faɗi da bakina cewa dutsen ya huce tuntuni, ruwa da iska ne kawai ke cin sa a hankali, kuma jiya ƙarya na yi. Ana dariya, ina zufa.

Na shekara talatin da wani abu ina koyarwa bayan nan. In yaro ya yi tambaya, gaskiya nake gaya masa, ko da za ta sa aji barci. Ba don na zama waliyyi ba. Na dai gano ni mutum ne da ke saurin yarda da ƙaryarsa, kuma ba na gudu da kyau.