Amirul Bahri na Challawa

Duk faɗin Challawa, daga kamfanonin jima har rumfunan masu shayi, babu wanda ya san teku kamar Alhaji Uwaisu, shugaban sito a majemar fata ta Hajiya Aina'u. Allah ya yi wa bawan nan baiwa. Wasu sai sun shiga ruwa sun jiƙe kafin su san shi. Shi kuwa ta tagar jirgin sama ya hango Bahar Maliya shekarar da ya je Umra, kuma ba shi ne a bakin tagar ba, sai da ya kwanta a cinyar mutum biyu ya leƙa. Leƙen nan ya wadatar. Ya sauka a Kano cike da ilimi har wuya, ya sa aka zana masa jirgin ruwa a ƙofar ofis.

Kuma ba ya rowa. Da tsakar rana, ma'aikata na fama da garau-garau, sai ya zo ya tsaya a kansu, hannu a baya.

"Ku 'yan tudu ne, ban ga laifinku ba. Kalmar teku ɗin nan da kuke faɗa, wasu masana sun ce fatake ne suka ɗauko ta daga bakin Yarabawa, eti okun, wato gaɓar teku. Na ƙyale su, tunda ba su tuntuɓe ni ba. Balarabe kuwa ya ce bahar. Ku lura, a Larabci mutum mai zurfin ilimi ma bahar ake ce masa."

A nan yakan gyara hula, ya ba jama'a damar gane wanda ake nufi.

Wata rana Garba direba, mutumin Maraɗi, ya ambata cewa a makarantarsu ta Faransanci lamer ake ce wa teku. Washegari Alhaji ya dawo da kalmar a matsayin bincikensa, har ya koya wa Garba yadda ake furta ta. Daga baya ya sanar cewa muƙamin shugaban sojan ruwa a Turanci daga Amirul Bahri aka samo shi, wato sarkin teku a Larabce. Bai roƙi kowa ya kira shi da sunan ba, mutum ne mai tawali'u. Gaisuwar da ba a sa shi a ciki ba ce kawai ba ya ji.

Ana haka Hajiya ta ce tana neman wakili a tashar jiragen ruwa ta Legas, mai kula da fatun da ake fitarwa, ga gida ga mota. Ta ce ran Alhamis za ta zo sito ta duba aiki kafin ta zaɓa. Alhaji ya ƙwallafa rai. Tun kafin ranar ya ɗinka farar shadda mai maɓallan zinari, ya zaga dangi da surukai ya yi sallama.

A majema, cikin Agusta, kowa ya san abin yi. Da hadari ya haɗo daga gabas, sai a ajiye komai, a buɗe kwata da shebur, a ɗaga fatu kan katako. Ran Alhamis hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Amma Alhaji ya tara ma'aikata duka a sito ya rufe ƙofa, don Hajiya ta tarar da shi yana tsaka da bayani.

Bala mai lodi ya ce, "Alhaji, ku yi haƙuri, hadari fa. Ba mu buɗe kwata ba."

"Wannan kake kira ruwa? Wanda ya ga Bahar Maliya ba ya tashi don yayyafi. Zauna! Yauwa, shi Bafulatani maayo yake cewa, da kogi da teku duk..."

Ruwa ya kece. Kwata ta toshe, ta juyo da kayanta ta ƙarƙashin ƙofa, da warin jima da ledoji. Alhaji yana kan Girkanci ruwan ya taɓa masa takalmi. Ban taɓa ganin mai tumbi ya yi tsalle haka ba. Kafin a ankara yana saman tulin fatu.

"Wayyo Allah! Ban iya iyo ba! A kira 'yan kwana-kwana!"

Ruwan iyakar idon sawu ne. Ma'aikata suka shiga ceton fatu, na ƙasa duk sun jiƙe, abin takaici. Amirul Bahri ya rantse ba zai sauko ba sai an kawo abin hawa. Aka kawo baron kwasar fata, ya shiga ya ɗaga ƙafafu sama, Garba ya tura.

A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Hajiya. Ta bar motarta a titi ta ratso ruwan da ƙafa, takalmi a hannu. Ta dubi fatunta, ta dubi baro.

Alhaji ya gyara murya. "Ranki ya daɗe, irin wannan ruwa a Larabce..."

"Alhaji, tunda Allah ya ba ka sanin ruwa, ba zan kai ka nesa ba. Legas zan nemi wani. Daga yau kwatar bayan sito taka ce. Ka sa mata duk sunan da ka ga dama, in dai tana gudu."

Yana cikin baron aka miƙo masa shebur.