An Gina wa Mata Gida, An Manta da Igiyar Shanya

Shekaranjiya da safe zanin gadon wani mutum ya mare ni a fuska, a cikin ɗakina, a kan tabarmata. Ni da ambaliya ta ɗauka ta dawo da ni don na fi ƙarfinta. Ni da babbar mota ta kife da ni a kan buhuna na tashi na karkaɗe riga. Ni da katafila ta rushe wa ɗaki ina tsakiyar aski na fito da rabin gemu. Yau ga jiƙaƙƙen tsumma ya kai ni ƙasa. Na miƙe zan nemi ƙofa, na shiga ta hannun rigar wani, na ɓullo ta ƙafar wandon wani. A saman fanka kuma safa ce ke zagaye tana yi mini yayyafi.

"Malam, in ka ɓata mini wankin mutane, kai za ka sake shi," in ji Uwargida. Muryarta kawai nake ji daga bayan wani bargo.

Bari in warware muku, masu karatu. Ni ban taɓa zama a aji ba, faɗa nake ana rubutawa, amma abin da ke cikin kan nan nawa ko masu jakar takardu sai sun bi layi. Uwargida wanki da guga take yi wa mutane. Da shi muke ci tun ranar da gwiwata ta ajiye aikin dako ba tare da ta shawarce ni ba. Shi kuwa wanki ba ya bushewa da fatan alheri, igiya yake so da rana. To igiyar ce mai kula da gidajenmu ya zo ya kwance, wai umarni ne daga sama: manyan baƙi za su zo ganin gidajen da aka gina musamman domin jin daɗin mata, kada su tarar da tsummokara suna lilo. Ya ƙara da cewa ko bayan baƙin sun tafi, duk wadda ta sake ɗaura igiya ta shirya mayar da makulli. Wato ko sana'a ko ɗaki, mu zaɓi ɗaya.

Gidajen kam, Allah ya saka wa manya da alheri. An shafe su da fenti mai launin alewa, wai shi mata ke so. Kicin ɗin, in Uwargida ta shiga da gaba sai ta fito da baya, tagarsa kuma bango take kallo don kada hayaniyar yara ta dami uwarsu da sanin inda suke. A tsakiya aka shimfiɗa mana filin ajiye motoci, mu da duk ginin abin hawanmu baro ɗaya ne da keken aminina Mai Faci. Wurin shanya ne kawai aka manta, kuma ai ba kowane abu babban mutum zai riƙe a ka ba.

Kada wani ya ce ba a shawarci mata ba. An shawarce su, ina wurin. Kafin a aza tubali an kira taron jin ra'ayin mata, aka sa shi da hantsi, ranar aiki, daidai lokacin da wata ke kasuwa, wata ke layin asibiti da goyo, wata ke wurin aiki, wata ke duƙe a kan baho. Wa ke da sarari a wannan lokacin? Mu, tsofaffin bakin titi. Muka hango rumfa da lemo mai sanyi, muka shiga muka gyara zama. Ƙwararren da aka turo ya duba hagu, ya duba dama, bai ga ɗankwali ko ɗaya ba, ya ce, "To ba komai, ai ku ma mata ne suka haife ku." Ya tambayi wanda ya fi daɗewa da aure. Wa zai ja da ni? Na miƙe na ce babban abin da ke damun mata shi ne rashin benci mai majingina, a inuwa, yana kallon titi. Mai Faci ya ce shi kuma ya lura mata na son ɗan teburi na buga kati. Ƙwararre ya ce bai taɓa jin bayani mai zurfi irin wannan ba. Duka an yi su, kuma mun riƙe wa mata su amana, kullum muna kai don kada ƙura ta hau.

A dawo kan shekaranjiya. Mai kula da gida ya bi ƙofa ƙofa yana cewa mata su ci ado su sauko su zauna a bencin, za a ɗauki hoto. Uwargida ta ce, "To." Ni na san wannan "to" ɗin. Irinta ta yi mini ranar da na ce zan sayar da dutsen gugarta, har yau ina jin ta a haƙarƙari.

Rana ta take, sai ga jerin motoci. Mai Girma Babban Mai Almakashi ya fito, wanda ko rijiya aka haƙa sai ya yanka mata ƙyalle. A bayansa wata baƙuwa mai tabarau, daga wajen waɗanda suka ba da kuɗin ginin, da mai ɗaukar hotonta. Ta dubi fili, ta dubi benci, ta ga gemu a jere.

"Ina matan?" ta ce.

"Suna ciki, daɗi ya hana su fitowa," in ji Mai Girma.

Na ga abin zai lalace, na miƙe. "Ranki ya daɗe, ni ne wakilinsu. Duk abin da za ki tambayi mace, tambaye ni."

Ta daɗe tana kallon gemuna. Sannan ta ce wa Mai Girma, cikin murya mai sanyi, ita hoton mata aka aiko ta ɗauka, in babu su, to maganar gina rukuni na biyu sai wani jiƙon. Ban taɓa ganin hula ta jiƙe da sauri haka ba. Mai kula da gida ya ruga gindin tagarmu ya ɗaga kai.

"Inna, don Allah ku sauko."

Uwargida ta leƙo. "Sannu ɗan nan. Muna fifita wa wanki ne ya bushe. In mun sauko wa zai karɓe mu, kai?"

"Inna, ɗan lokaci ne kaɗan, ku zauna a yi hoto ku koma."

"Ai mu ba ma fita ba baho. Shi kuma baho ba ya fita ba igiya, tare aka yaye su."

Sauran tagogin duk sun cika da kawuna. Mai Girma ya dubi baƙuwa, ya dubi agogo, ya ce su sauko da duk abin da suka ga dama. Jama'a, na ga sojoji sun yi fareti, ban ga tsari irin na matan nan ba. Kafin a ce me, igiya ta tashi daga wannan turken fitila zuwa wancan, ta ratsa filin motoci, ta bi ta saman motar Mai Girma. Zannuwa suka buɗe, yara suka shiga tsakani suna ɓuya, uwayensu na ganin su. Mai hoto har da kwanciya a ƙasa.

Baƙuwa ta ce wannan dabara ta wa? Ina buɗe baki Mai Girma ya riga ni. Ya ce tun a zanen farko tana ciki: na'urar busar da kaya mai aiki da hasken rana, ba ta shan mai, ba ta jiran lantarki. Aka tafa. Hannunsa ya tafi aljihu don sabo.

"Ranka ya daɗe, a bar almakashin nan ya huta," in ji Uwargida. "Kuma tun da dabararka ce, a faɗa a lasifika cewa ba wadda za a karɓe wa makulli a kanta. Ɗan nan namu ba ya jin magana ƙasa-ƙasa."

Ya faɗa, har sau biyu, baƙuwa na gyaɗa kai. Ya kuma yi alkawarin turakun ƙarfe na dindindin.

Da yamma na ce wa Uwargida, "Kin ga amfanin auren mutumin da manya ke jin maganarsa." Ta ɗora mini kwandon zannuwa a ka ta ce in wakilce ta zuwa hawa na uku. Bencin ma mata sun karɓe, a kai suke ninke kaya. Ni da Mai Faci mun koma gindin matakala, kuma ni na ce a bar musu, don babba ba ya jayayya a kan katako.

Yau da safe motar hukuma ta dawo. Na ce wa Mai Faci turaku sun iso. Ashe allo ne, ƙato, na ƙarfe, da hoton Mai Girma yana murmushi. Mai Faci ya karanta mini, ya ce sunan na'urar ne da sunayen waɗanda suka ƙirƙiro ta, kuma bai ga mace a ciki ba. Turaku kuwa wai suna kan hanya, kuma mun san tsawon wannan hanyar. Ni dai ba na ƙorafi. Ƙarfen na ɗaukar zafi sosai, Uwargida ta gwada, bargo biyu yake ci a lokaci guda. In wani na kusa da Mai Girma yana karanta wannan, a taimaka a ƙaro mana allo ɗaya ta ɓangaren gabas, kuma a yi shi da ɗan faɗi.