Addu'ar Hana Ajali

Wata huɗu da shigata ajin yaƙi da jahilci na ɗauki kekena, wanda a nan muke kira ajala, na bi gaɓar kogi daga Abu Na'ama zuwa Sinnar, tafiyar kwana biyu, don in ga kufan tsohon gari da ƙubbobin shehunai. Yayana Sale yana kwance, ciwon hanta ya cinye shi. Kafin in tashi ya ce, "Ƙanena, ka zo mini da addu'a daga can."

A bangon wata ƙubba na ga rubutun Larabci da jan fenti. Na jingina keken, na yi ta haɗa baƙaƙe: "mamnu", wato an hana, sai "ajal". An hana ajali! Mai gadi ya taso zai yi magana, na ɗaga masa hannu. "Ya Hajji, na iya karatu." Na kwafe rubutun a takarda da natsuwar babban malami.

Da na dawo gida, Yaya ya sumbaci takardar, ya sa ƙarƙashin matashi. Kwana tara ya ƙara, ya rasu.

Ranar sadakar uku matarsa ta aiko wa liman takardar ya karanta. Ya duba, ya sake dubawa, gemunsa na rawa.

"Wa ya rubuto wannan?"

"Ni ne, Malam."

"Cewa aka yi an hana ajiye ajala a nan."

Dattawa suka tusa baki cikin rawani. Ni ban yi dariya ba.

Har yau in an yi rasuwa a ƙauyenmu, sai wani ya raɗa mini, "Malam Ajala, ina kake har ajali ya shigo?"