Ranar da Taɓo Ya Tsaya Mini Shaida

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kansiloli suka zo duba filin ƙwallon Unguwar Shanu ba, ko da na so in manta. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, farkon shekarun casa'in, ga ƙuruciya ga rawar kai.

An ba da kwangilar gyara filin: a baje ƙasa, a kafa raga, a zagaye da waya. Da damina ta kankama sai na lura ɓangaren gabas yana riƙe ruwa kamar kududdufi. Na gaya wa maigidana a ofis cewa sai an sauya kwangilar an ƙara magudanar ruwa, in ba haka ba aikin banza za a yi. Shi kuwa ya miƙa maganar gaban majalisa da sunana. To, a wancan zamani duk wanda ya ce a ƙara wani abu a kwangila, kallon ɓarawo ake masa. Wanda ya fi kowa zafi shi ne Alhaji Mudi, kansilan mazaɓar (kuma mahaifin Hadiza, wadda magabatana suka riga suka kai gaisuwa gidansu, don ku san irin tsaka mai wuyar da na shiga).

"Ba mu sa hannu sai mun gani da idonmu," in ji shi.

Ranar zuwansu na caɓa ado da farar shadda sabuwa fil, saboda suruki. Abin da ban yi tsammani ba, ruwa ya ɗauke 'yan kwanaki, rana ta gasa filin ya bushe ƙayau. Ciyaman ya sauko daga mota, ya duba gabas ya duba yamma.

"To, samari, ina ruwan?"

Alhaji Mudi ya ce, "Ni dai tsakar gidana ba ta fi nan bushewa ba."

Na hango takardar kora, na hango ana dawo wa iyayena da goronsu. Ga matasan unguwa sun cika bakin fili suna jiran su ji makomar wurin wasansu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sama ce kawai ta bushe. Bari in buga ƙwallo ku ga yadda za ta cije. Ai ni tsohon ɗan wasa ne." (Gaskiyar magana, a firamare ruwa nake kai wa 'yan wasa.)

Aka ajiye mini ƙwallo a wajen da nake zargi. Na ja da baya, na tattare riga, na sheƙo da gudu. Ƙafar hagu na sauka ƙasa ta burma har gwiwa. Ta dama ta wuce ƙwallon ta daki iska, na ji ɗas! a ƙuguna, sai ga ni rigingine cikin baƙin taɓo mai wari. Na yunƙura na miƙe, amma wandona bai miƙe tare da ni ba. Mazagi ya tsinke, riga ta naɗe ta manne a ƙirji, ga ni tsaye gaban majalisa guda da ɗan gajeren wando ja. Ƙwallo kuwa tana nan inda aka ajiye ta.

Sai dariya ta ɓarke. Har direban Ciyaman sai da ya durƙusa yana riƙe ciki. Na roƙi ƙasa ta ƙarasa haɗiye ni.

Alhaji Mudi kaɗai bai yi dariya ba. Ya kau da kai, ya tuɓe babbar rigarsa, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

"Ungo, rufa jikinka, ɗana." Sannan ya juya. "Ciyaman, yaron nan ba ƙarya ya yi ba. Mai niyyar cin kuɗi ba ya cin taɓo haka. A haƙa magudanar."

Wallahi wata ajiyar zuciya da na yi, sai da na ji ta har tafin ƙafa. A zaman majalisa na gaba aka amince da sauyin ba tare da gardama ba. Filin ya kammalu, yara na ta wasa ko ana tsakiyar damina. Auren ma bayan salla aka ɗaura, sai dai har yau in na ɓata wa Hadiza rai, cewa take, "Tsohon ɗan wasa, a yi a hankali."

Tun daga ranar na ɗauki darasi: in za ka gwada wa manya zurfin taɓo, nemi sanda. In kuwa ka nace sai da ƙafarka, to ka fara gwada ƙarfin mazaginka tun daga gida.