Silifas Ƙafa Ɗaya a Gindin Tankin Hajiya Adiza

Ba zan taɓa mantawa da wannan Lahadin ba, ko da tsufa ya kwashe mini sunayen jikokina. Ranar ce na miƙe tsaye a gaban iyayen lungunmu na unguwar Nima, nan Accra, na yanke wa mai laifi hukunci da babbar murya, alhali mai laifin tana cikin zanina.

Ni mace ce mai tsoro. Ba tsoron kare ko aljani ba, tsoron abin da zai sami 'yata Sharifa. Ita kaɗai Allah ya ba ni, kuma da wuri na haife ta, shi ya sa yanzu da ta kai sha biyar tsayinmu ɗaya, ƙafarmu ɗaya (ku riƙe maganar ƙafar nan, za ta dawo). In ta yi tari sau biyu, ni har na hango gadon asibiti. In ta yi murmushi tana kallon waya, na hango ɗan iska mai askin banza. Boko dai aji huɗu na tsaya, amma Allah ya ba ni ido. Ina iya gaya muku wadda ta canja man shafawa a lungunmu, da wanda ya fito masallaci da takalmin da ba nasa ba.

To, su Sharifa suka gama jarrabawar ƙaramar sakandare. Ƙawarta Memuna, jikar Hajiya Adiza mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ta roƙi kakarta a bar su su yi ɗan fati a tsakar gida ranar Asabar. Hajiya ta yarda: 'yan ajinsu kawai, kanofi ɗaya, jollof da sobolo (zoɓo ke nan), a fara bayan azahar a tashi kafin magariba. Ita kuma ta shirya ta tafi suna can unguwar Malam, ta bar musu gida.

Ni da na ji, cewa na yi ba inda Sharifa za ta. Sai babanta, wanda ke tuƙa trotro, motar haya, daga tashar Circle, ya sa baki.

"Haba, Maman Sharifa. Yarinyar nan wata uku ba ta ɗaga kai daga littafi ba. Ki bar ta ta sha iska."

Na bar ta, amma sai da na jera mata dokoki har ta fara hamma. Da za ta fita, cikin sabon takalminta na Sallah, sai ta juyo a bakin ƙofa.

"Mma, ki yi mini alkawari ba za ki zo ba."

(Tana da dalili. Ranar da makarantarsu ta kai su yawon buɗe ido bakin teku, juyowar da za ta yi sai ga ni a gindin kwakwa, wai na zo sayen kifi.)

Na ce, "Na yi alkawari. Ni ina ruwana da fatin yara?"

Har la'asar ina riƙe da alkawarina, Allah ne shaida. Daga nan kiɗa ya fara girgiza mini murafen tukwane a ɗaki. Na leƙa waje, sai ga samari suna wucewa ta lungu uku-uku, huɗu-huɗu, fuskokin da ban taɓa gani ba. Ashe wata daga cikin yaran ta ɗora sanarwar a waya, magana ta kai unguwar Maamobi, ta tsallaka har New Town. Wasu ma a kan babur suka zo, suna ta ihu, "Chale, ina wurin yake?" Na jawo hijabi, na zura ƙafa cikin silifas ɗin da ke bakin ƙofa, na fita.

Ban bi ta ƙofar gidan Hajiya ba, don kunyar alkawari. Na zagaya ta lungun baya, inda babban baƙin tankinta yake zaune a kan bulo, jikin katanga. A nan take sayar wa unguwa ruwa, amma ranar famfon a rufe yake, lungun ba kowa. Katangar ta fi ni tsayi kaɗan. Na duba, na ga bututun da ya fito daga gindin tankin, fari, mai kauri, kamar an yi shi don a taka. Na ce bismillah, na taka, na kama katanga, na leƙa.

Jama'a, tsakar gida ba wurin sa ƙafa. Wani yaro yana lilo da ƙarfen kanofi. Wasu uku sun hau kujerar roba ɗaya, ina kallo ƙafafunta suka baje. Ana watsa wa juna sobolo kamar ruwan wanka. Idona ya yi ta yawo yana neman 'yata a tsakiyar wannan hauka. Can na hango ta. Tana zaune a kan benci kusa da madafa, mayafinta a kanta daram, tana cin jollof da cokali, a hankali, kamar wadda ta zo gaisuwar rasuwa.

Maimakon in gode wa Allah in sauka, sai na ƙara miƙa wuya don in ga ko da nama a farantin. A daidai nan ta ɗago kai wajen katanga. Na yi maza na duƙa da dukkan nauyina. Sai na ji ƙas! Ruwa mai sanyi ya feso mini har cinya. Ƙafata ɗaya ta maƙale tsakanin bututu da bulo, na fizge ta, ta fito babu silifas. Ban tsaya nema ba. Na kwasa da gudu, ina ɗingishi, ina gaya wa kaina ɗan tsagewa ne, yanzu wani zai gani ya toshe. Ɗayan silifas ɗin kuwa na cire na wurga cikin babban gota ko kallonsa ban yi ba. Ni mai ido, mai ganin man shafawar mutane, ban dubi ƙafata ba.

Sharifa ta dawo tun kafin kiran salla. Ta ce, "Mma, mutane sun yi yawa, na gudo." Na ce madalla, ina ta jujjuya miyar da ta riga ta nuna. Na ji tana ta ƙunƙuni a bakin ƙofa tana neman wani abu don ta yi alwala, amma hankalina ba ya jikina, ban tambaya ba.

Da safe labari ya cika lungu. Kanofin haya ya yage, kujeru sun karye, an tattake wa Hajiya tukwanen fulawa. Amma babbar ɓarnar ita ce tanki. Ranar Juma'a motar ruwa ta cika shi, ga shi ya tsiyaye tas, ruwan ya bi ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin ajiya ya jiƙa buhunan shinkafa da wake na sana'arta. Alhaji Fuseini, mai unguwarmu, ya aika a tara iyaye da yaran bayan azahar, a tsakar gidan da aka yi ɓarnar.

Aka zauna, aka fara. Wani uba ya ce laifin Hajiya ne, wa ke barin gida ga yara ya tafi suna? Hajiya ta ce, "Ni na ce musu su gayyato rabin Accra?" Wata ta ce a kamo mai kiɗa, shi ya haukata su. Wani ya ce a nemo wadda ta ɗora sanarwa a waya. Wani tela kuma ya ce 'yan Maamobi ne, kullum su ne, sai matarsa ta tuna masa ita ma 'yar Maamobi ce. Wata malama ta ce a raba nauyin a kan duk iyaye daidai wa daida, a huta.

Da na yi shiru, da an tashi a haka. Amma mai laifi ba ya iya zama shiru, bakinsa ƙaiƙayi yake. Sai na ji kaina na miƙe.

"Alhaji, a gafarce ni. Ni ban yarda a raba ba. Don me wadda ta tarbiyyantar da 'yarta za ta ɗauki kayan wadda ta saki nata kamar awaki? A binciko wanda ya yi kowace ɓarna. In an same shi, uwarsa ce za ta ɗauka, don daga gida ake koyon hawa abin mutane. Kuma a faɗi sunansa a nan, gaban kowa, ya ji kunya!"

Har da tafi aka yi mini, wallahi. Wata ta ce, "Maman Sharifa ta faɗi gaskiya paa." Na zauna ina gyara hijabi kamar lauya. A raina kuwa lissafina shi ne, yara ɗari sun yi tsalle a gidan nan, wa zai gano wanda ya taka bututu a lungun baya?

Sai Hajiya Adiza ta ce, "To, alhamdu lillahi. Na tanki dai ya bar mana shaida." Ta buɗe baƙar leda, ta zaro silifas shuɗi ƙafa ɗaya, ta ɗaga sama.

Ban tsorata sosai ba, don irin wannan silifas ɗin rabin Nima shi suke sawa. Abin da na manta shi ne al'adar yaran makarantar allo. Saboda takalma suna cakuɗewa a bakin ƙofar makaranta, kowace yarinya takan sa wa nata alama da jan farce. Hajiya ta juya shi. Ga jan fure ɗan ƙarami a dunduniya, da harafi biyu. Memuna ta dafe baki.

"Kaka, wannan na Sharifa ne."

Nan take ƙus-ƙus ya tashi a tsakar gida. "Sharifa? Wadda ake ba yaranmu misali da ita?" "Ei, masu shiru-shirun nan!" "Katanga take hawa? Wa take leƙe?" Duk wanda ya san Zongo ya san irin wannan suna ba ya wankuwa. Yau a ce mai hawan katanga, shekara goma in an zo neman aurenta sai wata tsohuwa ta tuna.

Sharifa ta dubi silifas ɗin. Ta dubi sabon takalmin da ke ƙafarta. Sannan ta juyo a hankali ta dube ni, ta sauke ido kan ƙafafuna. Na ga lokacin da ta gane komai.

Alhaji Fuseini ya ce, "Sharifatu, naki ne?"

Ta ce, "Nawa ne, Alhaji."

"Me ya kai ki bayan tanki?"

Ta sunkuyar da kai. Hawaye ya taru mata, amma ta danne bakinta. Yarinyar da na kwana ina tsoron za ta jawo mini abin kunya, ita ce take shirin ɗaukar nawa a kanta.

Ban san lokacin da na sake miƙewa ba. Wannan karon muryar lauya ta gudu, sai wata 'yar siririya ta fito.

"Alhaji... silifas nata ne. Ƙafar ce tawa."

Ya ce, "Na'am?"

"Ni na taka. Leƙe na je yi. Ita tana zaune tana cin jollof."

Sai tela ya fara, wata irin dariya mai kama da tari, daga nan gida ya ɗauka. Yaran da aka tara don a yi musu faɗa har faɗuwa suke a kan juna. Baban Sharifa ya cire hula ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Hajiya Adiza ta riƙe haɓa tana kallona.

"Ke? Da girmanki da hijabinki? Bututun nan ko kyanwa ba na bari ta hau!"

Alhaji ya jira aka lafa, ya goge ido da bakin rawani, ya ce da murya mai nauyi, "To, jama'a, doka dai an riga an kafa ta, har kun tafa. An ce uwar mai laifi ce za ta ɗauka, don daga gida ake koyon hawa abin mutane. Wa zai je Maamobi ya kira mana uwar Maman Sharifa?"

Da ƙasa ta buɗe a lokacin, da na shiga na ja murfi. (Ba a ma buƙaci aike ba. Kafin la'asar tsohuwata ta ji, ta kira ni a waya, ba ta ce komai ba sai dariya, ta kashe.)

A ƙarshe hukuncin da aka yi ya fi nawa hankali. Yaran da suka yi ɓarna su gyara da hannunsu, su share, su wanke, su kai kanofi wurin ɗinki, iyayensu na tsaye a bayansu. Hajiya ta amsa cewa ba za ta ƙara barin taro a gidanta babu babba ba. Tanki kuwa nawa ne ni kaɗai. Baban Sharifa ya kawo mai gyaran famfo, ni kuma mako guda ina jido wa Hajiya ruwa da galan rawaya, ina wucewa yara na gaishe ni da ladabin da ya yi yawa. Waken da ya jiƙa ba ya ajiyuwa, don haka kwana uku ina soya mata ƙosai a ƙofar gida. Ya ƙare kullum tun da hantsi, don kowa yana son ya saya ya ga fuskata.

A hanyar gida ranar taron, da muka kusa ƙofa sai Sharifa ta ce, "Mma, kin yi alkawari fa."

Na ce, "Na yi. Ki yafe mini."

Sai ta ce, "Da kin shigo ta ƙofa ma, da na ɗebo miki. Akwai nama."

Washegari na sayo mata sabon silifas, na sayo nawa. Da na fito alwala, sai na tarar ta rubuta wa nawa MMA da jan farce, manya-manya, ƙafa biyun duka, yadda ko daga kan katanga za a iya karantawa.

Har yau shi nake sawa. Kuma tun daga ranar, in aka taru ana tambayar wa zai ɗauki ɓarnar da yara suka yi, nakan bar kowa ya gama magana tukuna. Ni kuwa kafin in buɗe baki, sai na sunkuya na duba takalmin wa ke ƙafata.