Ranar da Tumbin Hashimu Ya Dawo

Wani mutum ne a Funtuwa ana ce masa Hashimu Mai Taya, shagonsa na nan bakin tasha. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake, sai dai bakinsa ya fi ƙarfinsa. Allah kuma ya hore masa tumbi, irin wanda ke riga mai shi shiga ɗaki. In ya zauna a gefen benci, na ɗaya gefen sai ya riƙe da kyau.

Abin da ke ci masa rai, da can ba haka yake ba. A sakandare siriri ne sosai, shi ne golan makaranta, har ana kiransa Tsinke. To sai 'yan ajinsu suka buɗe zaure a waya, suka sa ranar haɗuwa, shekara ashirin da biyar bayan gama makaranta. Kowa na turo hotonsa, wannan da furfura, wancan da sanƙo. Hashimu ya lalubo wani tsohon hoto ya tura, ya rubuta a ƙasa: "Tsinke na nan yadda kuka san shi. Har gobe wandon makaranta yana shigata."

Sai da ya tura ya kalli cikinsa. Saura sati uku.

Ya sayo sikeli ya ajiye bayan ƙofa. Da safe ya hau, da rana ya hau, in ya fito wanka ya hau. Har hula da agogo yake cirewa ko allurar za ta ji tausayinsa. Ya fara gudun safe, amma a kwanar layinsu akwai mai waina, kuma kullum a nan gudun ke ƙarewa. Ya sayo shayin rage ƙiba, ya yi kwana biyu yana safa da marwa tsakanin shago da banɗaki. Ranar da sati uku suka cika ya hau sikeli, ya ga kilo biyu sun ƙaru.

"Jabu ne," in ji shi.

Matarsa Ladidi ta ce, "Maigida, ni fa ban ga laifin cikin nan ba. Lafiyarka ƙalau, kana ci kana sha. Me kake nema?"

"Ba za ki gane ba. Na riga na yi magana."

Da safen taron ya buɗe akwatinta, ya zaro faffaɗan bel ɗin nan mai mannewa da ta ɗaure ciki da shi bayan haihuwar autarsu. Ya miƙa mata.

"Ja."

"Na ja."

"Ƙara."

Ta dafa ƙafa a jikin gado ta ja, tana dariya har da hawaye. Tumbi ya rasa wurin zuwa, ya haura ƙirji. Hashimu ya zura kaftani ya dubi madubi, ya ga ƙato mai faɗin ƙirji kamar ɗan dambe. Numfashi ne dai sai da dabara. Takalmi ma Ladidi ce ta sa masa.

A harabar tsohuwar makarantarsu aka yi taron. Wanda ya fara tarbarsa Ilu ne, abokin zamansa a aji, yanzu direban tirela, shi ma da nasa tumbin a gaba yana yawo da shi hankali kwance. Ya zagaya Hashimu sau biyu.

"Tsinke, ashe da gaske kake. Mene ne sirrin?"

"Horo," in ji Hashimu. Maganar a gutsure take fita, don iskar ba ta isa. "Kilomita goma. Kullum. Latas da kokwamba. Rabona da waina, shekara takwas."

"Shekara takwas?"

"Tara ma. Ku kun saki jiki ne. Ilu, dubi yadda ka koma. Kamar randa."

Ilu ya shafa cikinsa ya yi dariya. A gefe Hajiya Tabawa, wadda ita ce monitar ajinsu, yanzu kuma babbar ungozoma, tana kallon yadda Hashimu ke tafiya a sandare kamar an haɗiye masa muciya.

Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, ga farfesun kayan ciki yana tururi. Kowa ya zauna. Hashimu ya gwada lanƙwasa gwiwa, ya ji bel ya ce ƙiiit, ya miƙe da sauri.

"Ni ba na zama. Zama ke kawo tumbi."

Ya tsaya da robar ruwa a hannu, yawu na taruwa a bakinsa, yana yi wa masu ci lacca kan illar man ja.

Ana gama ci wani ya fito da ƙwallo, aka ce a tuna da. Nan take aka hau kiran Tsinke ya shiga raga. Ya ce bai zo da kayan wasa ba. Ilu ya ce ai mai gudun kilomita goma ko da babbar riga zai kama. Hanya ta toshe. Hashimu ya taka ya tsaya tsakanin sanduna, yana addu'a a bugo ta sama.

Ilu ya ja baya, ya taho da gudu tumbi na rawa, ya ɗan taɓa ƙwallon. Ta taho a ƙasa, a hankali, kamar mai zuwa gaisuwa. Ba makawa sai an sunkuya. Hashimu ya sunkuya.

Ɓarrrat.

Tumbi ya dawo gida gaba ɗaya, tim. Maɓalli biyu suka yi tsalle. Ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta shige raga, bel kuma ya sulalo ta ƙasan kaftani ya kwanta a kan takalminsa.

Abin mamaki, abin da Hashimu ya fara ji ba kunya ba ce, daɗi ne. Ya ja iska har ƙasan cikinsa, irin wadda rabonsa da ita tun safe. Ya dubi abokansa, ya ga babu wanda shekaru suka bari yadda yake.

Hajiya Tabawa ta tako ta ɗauki bel ɗin, ta juya shi gaba da baya.

"Wannan ai na masu jego ne. Ni nake rubuta wa mata shi." Ta dube shi da fuskar aiki. "Sannu Hashimu. An sauka lafiya?"

Dariya ta ɓarke, Ilu har da kwanciya a ciyawa. Hashimu ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara, shi ma ya fashe, tumbin na taya shi. Ya wuce kai tsaye kan tabarma ya zauna daɓas.

"Cikin nan nawa ne, ba arowa na yi ba. In akwai sauran tuwo a zubo mini, da farfesun."

Ilu ya share hawaye, ya ɗaga murya wajen masu rabon abinci.

"A cika masa kwano. A haɗo da kunun kanwa mai zafi, yau ɗin nan ya haihu."