Ranar da Darakta Ya Taka Birki

Duk layinmu babu mutum mai daraja kamar Darakta, kuma shi da kansa ne ya fara gano haka. A wajen aiki dai mataimakin mai kula da ɗakin ajiyar kayan ofis ne, shi ke sa hannu kafin a ba ka biro ko ƙunshin takarda. Amma mutum mai faɗin ƙirji irin nasa ba zai zauna jiran hukuma ta gane shi ba, sai ya yi wa kansa ƙarin girma, ya sa aka rubuta DARAKTA da harufan ƙarfe a jikin ƙofar gidansa. Mu kuwa ba mu da ƙyashi, muka bi shi da sunan. In ka gaishe shi yatsa biyu yake ɗaga maka, domin tafin hannun gaba ɗaya ya tanade shi don manya.

Da ya sayi jif, baƙa wuluk, mai kujeru layi uku, sai da aka rushe ginshiƙin ƙofa ɗaya kafin ta shiga gidan. Aikinta kullum ɗaya ne, daga gida zuwa ofis, tafiyar da mai keke ke yi cikin minti goma. Shi kan yi ta cikin rabin awa, gilashi a sauke, gwiwar hannu a waje, don kada wani bawan Allah ya yi asarar ganinsa.

Layin namu miƙaƙƙe ne, dogo, kuma a ƙarshensa akwai makarantar firamare. Masu mota sun mai da shi hanyar yanke, suna sheƙa gudu safe da yamma, har iyaye suka daina barin yara su tafi su kaɗai. Aka yi taron masu gidaje, aka yarda a kafa kwamitin kiyaye haɗari, a zaɓi shugaba bayan mako uku. Malama, tsohuwar shugabar makarantar wadda ta yi ritaya tana zaune gida na biyar daga nasa, ta ce magana ba ta da tsawo: a yi tudun rage gudu a tsakiyar layi. Har ta sa an kawo tifa guda ta yashi daga ragowar ginin ƙaninta, an zube a gefen hanya, gaba kaɗan da ƙofar Darakta.

Kujerar shugaba kuwa, tun da aka ambace ta, Darakta ya ji a jikinsa cewa don shi aka sassaƙa ta. Shekara ashirin yana sa hannu a kan biro, bai taɓa zama a kan kujerar da za a ce shi ne a sama ba. Ya miƙe a taron, ya gyara wuyan riga, ya yi tari sau biyu.

"Jama'a, ina girmama Malama, ita ce ta koya wa 'ya'yana karatu. Amma tudu tunanin mutanen da ne. Mu da muka yi mu'amala da injiniyoyi mun san matsalar ba a ƙasa take ba, a ƙafar mota take. Birki, jama'a! Birki! Ku ba ni mako uku, zan nuna muku yadda mota mai nauyin tan uku ke tsayawa a kan tsinin allura. Kuma wannan tulin yashi da aka zube mini a gefen gida, a kwashe shi, yana zubar wa layi da mutunci."

Malama ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi ta mayar. Yashi kuma ya ci gaba da zama inda yake.

Washegari Darakta ya dira garejin wani dattijon bakanike da ya shekara talatin a kan birki kawai. Dattijon ya cire taya, ya duba faifan birki, ya duba takalman da ke matse shi, ya ce birkin motar lafiya lau, in dai ana son ƙarin kamu, a canza takalma masu kyau, a zuba sabon man birki, a sake tayoyin gaba da suka fara suɗewa. Darakta ya dube shi da tausayi, irin kallon da likita ke yi wa mai sayar da saiwa. Ya zaro waya ya nuna masa hoton motar tsere.

"Irin wannan nake so. Manyan faifai masu huji-huji, da wannan jan ƙarfen da ke rungume da su. Ja fa, ba ruwan toka ba. Ina so mutum ya hango shi daga tsallaken titi ya san da wa yake magana."

"Yallaɓai, in aka sa waɗannan, wilin motar ba zai rufe su ba."

"A canza wilin."

"Tayoyin fa?"

"Wa ke kallon taya?"

Aka yi odar kaya, aka jira kwana tara. Bakanike ya ɗaura manyan faifai, ya ɗaura jajayen ƙarafan, ya sauya tiyo, ya fitar da iska daga man birki ƙafa bayan ƙafa, aikin da babu mai kushe shi. Da zai miƙa makulli sai ya riƙe shi tukuna.

"Yallaɓai, saura abu ɗaya, shi ne babba. Sabon takalmi bai san sabon faifai ba. Ka sami titin da babu jama'a, ka ɗau gudu, ka taka da ƙarfi, ka sake ɗauka, ka sake takawa, kamar sau goma, har su yi zafi ka ji wari. Sai sun gasu suke kamawa. Kuma don Allah kada komai mai maiƙo ya kusanci faifan nan."

"Na ji, na ji," in ji Darakta, idonsa na kan jan ƙarfen. A cikin duk maganar kalma biyu kawai suka shiga kunnensa, zafi da wari, kuma duka biyun ba su yi masa daɗi ba. A ce mutum ya ɗauki abu sabo fil, mai sheƙi kamar farantin amarya, ya je ya ƙona shi da gangan? Ya yanke hukunci a ransa cewa kanikawa haka suke, so suke kaya ya cinye da wuri ka dawo musu.

Daga ranar Darakta ya shiga wata hidima da tarihin tuƙi bai taɓa gani ba: ya sayi birki mafi ƙarfi a unguwa, ya kuma hana ƙafarsa taɓa shi. In zai tsaya sai ya saki totur tun daga nesa, ya sauko da giya, motar ta yi ta gurnani tana rarrafe, a ƙarshe ya ja birkin hannu. A mararraba masu babur na zaginsa, shi yana ɗaga musu yatsa biyu. Da yamma yakan fito da kujerar roba ya zauna kusa da tayar gaba, ya karya sitiyari yadda jan ƙarfen zai leƙo, duk wanda ya zo wucewa ya tsayar da shi.

"Ka ga wannan? Fistin shida ne a ciki. Shida! Taka motar nawa take da shi? Ba ka ma sani ba ko? To ka ga irin mutanen da ke son a ba su tudu."

Bai tsaya nan ba. Tun kafin zaɓe ya je wajen mai zanen allo, aka buga masa hotonsa a tsaye, tsawon mutum, hannu ɗaya a ƙirji, ɗayan yana nuna sama. A ƙasa aka rubuta SHUGABAN KWAMITIN KIYAYE HAƊARI. Matarsa ta ga an shigo da shi falo ta ce, "Baban yara, ba a bari a yi zaɓen ba tukuna?" Ya ce mata shugabanci ba a akwatin ƙuri'a yake farawa ba, a fuska yake farawa. Ta dubi fuskar ta allo, ta dubi ta gaske, ta koma kicin.

Aka sa ranar Asabar da hantsi don gwaji, zaɓe ya biyo baya nan take. Ranar jajibiri da yamma Darakta ya wanke jif da hannunsa, ya kwarara wa kowace ƙafa ruwa har bokiti uku. Da safe ya fito da tsumma zai yi gugar ƙarshe, sai ya yi turus. Faifan nan huɗu duk sun yi ja-ja-ja da tsatsa. Kowane direban tasi ya san wannan: faifan da ya kwana da ruwa yakan wayi gari da tsatsa sama-sama, taka birki sau ɗaya ya share ta. Amma Darakta ba direban tasi ba ne, kuma taka birki shi ne abin da ya rantse ba zai yi ba sai a gaban jama'a. Ya shiga ɗaki ya ɗauko gwangwanin man da yake fesa wa tayoyi da gaban mota su yi ƙyalli. Ya durƙusa, mutumin da ko a gaban surukinsa rusunawa kawai yake yi, ya bi faifai ɗaya bayan ɗaya ta tsakanin ƙarafan wili, ya fesa, ya goge, ya ƙara fesawa har cikin hujin. Matar ta leƙo ta taga.

"Baban yara, ka kuwa tambayi bakaniken?"

"Ni zan tambayi mai baƙin farce yadda ake tsafta?"

Gaskiya dai sun yi kyau. Ko madubin ɗakinta bai kai su haske ba.

Layi ya cika. An tare bakin hanya da benci, an kori yara bayan katanga, Malama na zaune a inuwa da jakarta a cinya. Bakanike ma ya zo, don Darakta ya gayyace shi ya ga abin da ilimi ke yi da aikin hannu. Darakta ya ja layi da farin alli daga wannan gefen titi zuwa wancan, ya sa aka kafa allon hotonsa taku ɗaya bayan layin, yana fuskantar inda motar za ta taho.

"Jama'a, ba zan sa ran kowa a haɗari ba, kaina zan sa. Ga ni nan a tsaye. Zan taho da gudun da 'yan iskan nan ke yi, in tsaya a kan allin nan. In gaban motata ya taɓa ko maɓallin rigar hoton nan, na janye, ku ba Malama kujera da yashinta."

Aka yi tafi, har da waɗanda suka zo don dariya. Bakanike ya matso yana kallon ƙafar motar, ya ga ƙyallin ya yi yawa, ya buɗe baki zai yi magana, Darakta ya ɗaga masa yatsa biyu, ya shige mota ya rufe ƙofa. Ya ja da baya har ƙarshen layi, ya yi hon sau uku, ya taho.

Ban taɓa ganin jif ɗin nan ta yi gudu ba sai ranar, kuma ba zan ɓoye ba, ta burge. Ana saura kamar taku talatin muka ga jajayen fitilun baya sun kama. Fitilun kam sun yi aikinsu. Motar ce ba ta sami labari ba. Ta taho sumul, ba ƙara, ba ƙugi, ta wuce farin alli kamar ba da ita aka ja shi ba. Ta cikin gilashi muna ganin Darakta ya miƙe tsaye a kan birki da ƙafa biyu, baki buɗe, yana kallon kansa yana matsowa. Darakta na allo, hannu a ƙirji, bai kauce ba. Suka haɗu. Allon ya kwanta ya shige ƙarƙashi, tayar da ba wanda ke kallo ta bi ta kan fuskar, motar ta karkata hagu ta nufi gefen hanya, ta cusa hanci cikin yashin Malama har zuwa fitilu. Nan ta tsaya cak.

Yashi na ta zubowa daga kan bonet. Darakta ya fito ba ko ƙwarzane, takalmi ɗaya a ƙafa, ya kakkaɓe riga, ya yi tarin nan nasa sau biyu.

"Jama'a, abin da kuka gani yanzu, darasi ne na shirya muku da gangan a kan..."

Ba wanda ya ji ƙarshen, domin bakanike ya riga ya tsuguna, ya shafa yatsa a faifai, ya murza, ya kai hanci. Ya daɗe yana shinshinawa, sannan ya ɗago.

"Yallaɓai, ƙamshi kam akwai."

Zaɓen bai ɗauki minti biyar ba. Hannuwa suka tashi wa Malama, har da wani hannu da ya fito ta tagar gidan Darakta riƙe da ludayi. Malama ta miƙe ta gode wa kowa, ta ce a rubuta godiya ta musamman ga maƙwabcinta, domin ita da baki kawai ta ce yashi na tsayar da mota, shi ne ya kawo hujja mai nauyin tan uku.

Sati na zagayowa aka yi tudun, da yashin da aka tono jif daga cikinsa, daidai inda allin yake, a ƙofar gidan Darakta. Yara sun koma tafiya makaranta su kaɗai. Bakanike ya wanke faifai, ya zubar da takalman da suka sha mai, ya sa wasu, ya gasa su da kansa ba tare da neman izini ba. Yanzu kowace safiya sai Darakta ya taka birki kafin ya haura, ko yana so ko ba ya so. Allon kuwa bai yi asara ba. Magina sun ɗauke shi ranar aiki, suka kafa shi a gefen tudun don masu mota su rage gudu, kuma yana nan har yau, hannu ɗaya na nuna sama, sawun taya kwance daga haɓa zuwa goshi. Direbobi sun ce duk garin babu alamar hanya da ke sa su taka birki kamarsa.